INGILISHIN ASIBITI DA NA KWALIN MAGANI: JAWABIN DA ANKA YI A TARON ƘUNGIYA

Kwamitin ƙungiya ya ɗora mana nauyin yin magana yau bisa kalmomin Ingilishi da sunka shafi jikin mutum, da ciwo, da magani. An ce kuma a buga jawabin cikin takardar ƙungiya, don wanda bai samu zuwa ba a karanta mishi a gida. Muna roƙo ku ba mu hankalinku, don maganar ta lafiya ce, kuma lafiya uwar jiki.

1. INA RUWANMU DA INGILISHI?

Wani zai ce: mu mutanen Nijar ne, lakkol ɗinmu da Faransanci anka yi ta, mi ya gama mu da Ingilishi? Amsar tana bisa hanyoyin da muke bi. Mutumin Maraɗi in ciwo ya tsananta sai shi bi ta Ɗan Isa da Jibiya shi faɗa Katsina. Na Damagaram shi bi ta Matamai ko Magarya shi nufi Daura da Kano. Na Tawa da Ƙonni shi ƙetara Illela sai Sakkwato. Tsofaffinmu nawa anka kai asibitin ido na ECWA a Kano don aikin yanar ido? Mata nawa anka kai Babbar Ruga a Katsina don yoyon fitsari?

Gaskiya ne, a waɗanga wurare yawancin ma'aikata suna jin Hausa. Amma bakinsu ne ke Hausa. Alƙalaminsu Ingilishi yake yi. Kati, da takardar magani, da sakamakon awo, da allon da ke bisa ƙofa, duk Ingilishi ne. Ƴaƴanmu kuwa da ke neman abinci a Ikko, da Badun, da Fatakwal, da Ankara da Kumasi, sau da yawa likitan da za su tarar ko sannu bai sani ba.

Ko wanda bai taɓa ƙetare iyaka ba, Ingilishi ya iske shi har ɗaka. Ku duba kwalayen magani da ke cikin kasuwanninmu: da yawa daga Najeriya ko Indiya sunka fito, rubutunsu Ingilishi. Ban da wannan, cikin watan Maris na 2025 babbar dokar ƙasa ta sa Hausa ta zama harshen ƙasa, ta kuma aje Ingilishi tare da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ke nan koyonshi ba baƙon abu ba ne gare mu.

2. MUN RIGA MUN SAN WASU

Kada kowa shi tsorata. Akwai Ingilishi cikin bakinmu tun kakanni, ba mu dai lura ba. Asibiti daga "hospital" ta fito, likita daga "doctor". Haka nas, da kati, da bandeji, da filasta, da sirinji, da kemis. Tiyata ma daga "theatre" ta fito, wato ɗakin da ake yi wa mutum aiki. Wanda ya riƙe waɗanga ya riga ya ɗauki hanya.

3. SASSAN JIKI

Za mu faɗi kalmar yadda ake rubuta ta, sa'an nan yadda ake faɗinta, sa'an nan ma'anarta. Ingilishi yana da wannan hali: rubutu dabam, faɗi dabam.

head, ana cewa hed: kai
eye, ana cewa ai: ido
ear, ana cewa iya: kunne
tooth, ana cewa tus: haƙori
neck, ana cewa nek: wuya
chest, ana cewa ces: ƙirji
back, ana cewa bak: baya
stomach, ana cewa sitomak: ciki
heart, ana cewa hat: zuciya
lung, ana cewa long: huhu
liver, ana cewa liba: hanta
kidney, ana cewa kidni: ƙoda
womb, ana cewa wum: mahaifa
blood, ana cewa bulod: jini
bone, ana cewa bon: ƙashi
urine, ana cewa yurin: fitsari
stool, ana cewa situl: bayan gida

Ga wani abin lura. Mu in mun ce hannu, daga kafaɗa ne har yatsu. Su sun raba: "arm" daga kafaɗa zuwa wuyan hannu, "hand" tafi da yatsu. Ƙafa ma haka: "leg" daga cinya zuwa idon sawu, "foot" abin da ke taka ƙasa. Saboda haka in kalma ta ɓace maka, ɗora yatsa daidai inda ke ciwo. Yatsa ba shi bukatar tafinta.

4. INDA HAUSARMU KE RUƊE TAFINTA

Nan ne muke so ku ƙara saurare, don ɓarna ta fi yawa a nan. Muna da maganganu da in an juya su kalma da kalma sai su kai likita wata hanya dabam.

Mace ta ce zuciyarta na tashi. Yaron da ke tafinta shi ji zuciya shi ce "heart". Likita shi duƙufa awon zuciya, alhali amai take ji. Tashin zuciya sunanshi "nausea", amai kuwa "vomiting".

Kalmar ciki ita ma tarko ce. "Tana da ciki" ba maganar "stomach" ba ce. Ana cewa "she is pregnant". Mun san kunya na hana ƙaramar mace faɗin wannan gaban suruki ko ƙanen miji. To, ku sani akwai magungunan da ba a ba mai juna biyu, kuma ba a son yi mata hoton ƙashi sai dole. In an ɓoye, jinjirin da ke ciki ne za shi biya. Shawararmu ita ce mace ta raka mace, namiji kuma shi jira waje in an zo wannan tambaya.

Sai masassara. Zafin jiki shi ne "fever". Awon jikin mai lafiya wajen 37 ne. In ya kai 38 akwai masassara. Amma ba kowace masassara ce ta cizon sauro ba. Ta sauro ita ce "malaria", wadda ƴan lakkol ke ce wa palu, kuma awon jini ke tabbatar da ita. A gida ana rubuta TDR ko GE. A can za ku ga RDT ko MP. Abu guda ne ake nema.

Ga sauran sunayen da ya kamata mu riƙe: zawo "diarrhoea", tari "cough", tarin fuka TB, sanƙarau "meningitis", ƙyanda ko dusa "measles", shawara mai sa ido rawaya "jaundice", farfaɗiya "epilepsy", gwaiwa "hernia", basir "piles", yanar ido "cataract". Kalmomi uku kuma na gaggawa ne: "bleeding" zubar jini, "convulsion" jijjiga irin ta yara, "unconscious" suma. Wanda ya zo da ɗaya daga cikinsu kada shi tsaya layin yankan kati. Shi nemi ƙofar da anka rubuta EMERGENCY, ko A&E.

5. GARGAƊI GA ƳAN LAKKOL

Yaranmu da sunka yi lakkol suna taimako ƙwarai, Allah shi yi musu albarka. Amma Faransanci da Ingilishi kamar ƴan uba suke: suna kama, ba su jituwa. Kalmar da ake rubutawa "pain", a Faransanci burodi ce, a Ingilishi ciwo ce, ana faɗinta pen. "Médecin" likita ne, amma "medicine" magani ne. In kun ga LABOUR WARD bisa ƙofa, ba maganar huɗar gona ake ba, ɗakin haihuwa ne. THEATRE kuma ba gidan wasan kwaikwayo ba ne. Kalmar "once", wadda ake faɗi wans, tana nufin sau ɗaya. Kada wani shi haɗa ta da onze ta Faransanci shi ce 11. Har haruffan taƙaitawa jujjuye suke: SIDA ita ce AIDS, VIH shi ne HIV, ruwan gishiri da sukari na mai zawo da muka sani da SRO, a can ORS ne.

Lissafin awo shi ma ya bambanta, wannan kuwa ya shafi dattawa musamman. Hawan jini, da muke ce wa tansiyon, a can BP ne. A gida za a ce maka 14/9. A Kano a rubuta 140/90. Awo guda ne, sifiri kawai anka ƙara. Wanda ya ga 160/100 kada shi ce jininshi ya ninka goma. 16/10 ce ta gida. Amma ta hau, tana son magani da bin doka.

Ciwon suga, wato "diabetes", ya fi haka rikici. A gida ana rubuta awon da giram cikin lita: in mutum bai karya ba anka samu 1,26 ko fiye, ana zaton ciwon, sai a sake awo a tabbatar. Wannan 1,26 ɗin, wasu asibitocin Najeriya 126 suke rubutawa, wasu kuma 7.0, gwargwadon ma'aunin da suke aiki da shi. Mutumin da anka ce wa 1,10 a Maraɗi, in ya ga 6.1 a Katsina, babu abin da ya ƙaru gare shi. Don haka kada a gwada lamba da lamba sai an dubi ƴan haruffan da ke gefenta.

6. KWALIN MAGANI

In da za a ce mu zaɓi wuri guda daga jawabin nan kowa shi tafi da shi gida, wanga ne.

Na fari, kwanan wata. Za ku ga guda biyu. MFG ko MFD ranar da anka yi maganin ne. EXP lokacin da amfaninshi ke ƙarewa. In an rubuta EXP 08/2027, maganin na da kyau har ƙarshen watan Agusta na 2027; bayan nan a rabu da shi, ko da kwalin na ƙyalli. Mai talla in ya nuna maka lamba, ka tabbata ta EXP ce kake dubawa.

Na biyu, sunan magani. Kowane kwali suna biyu gare shi: babba na kamfani, da ƙarami a ƙarƙashi, wanda shi ne ainihin abin da ke ciki. Panadol, da Doliprane, da Efferalgan, dukkansu paracetamol ne. A ce mutum ya sha biyu na wanga, bai ji sauƙi ba ya ƙara biyu na wancan, shina zaton ya canza magani. Ai abu guda ya ninka. Babban mutum ba shi wuce miligiram 4000 cikin kwana guda, wato ƙwaya 8 masu lamba 500, kuma ba a lokaci guda ba. Wuce haka na lalata hanta, ɓarnar kuma ba ta nunawa ran nan, sai bayan kwana biyu ko uku. Na yara kuwa gwargwadon nauyinsu ake ba su.

Na uku, umurnin sha. "Tablet" ƙwaya ce, "capsule" kafso, "syrup" na ruwa, "injection" allura, "drops" na ɗigawa. "Once daily" sau ɗaya a yini, "twice daily" sau biyu, "three times daily" sau uku. "Before food" kafin abinci, "after food" bayan abinci. "Teaspoon" ƙaramin cokali ne mai mililita 5. "Tablespoon" babba ne mai 15. Sunayen sun yi kama, amma ɗayan ya ninka ɗayan uku. Uwar da ta musanya su ta ba ɗanta maganin yini guda a sha guda. Cokalin gida ma ba shi da tabbas. A yi aiki da ɗan ma'aunin da ke zuwa cikin kwali.

Na huɗu, gargaɗi. FOR EXTERNAL USE ONLY na nufin na shafawa ne, ba a sha. SHAKE WELL, a girgiza kwalba tukuna. KEEP OUT OF REACH OF CHILDREN, a aje inda hannun yara ba shi kai. POISON guba ce. FOR VETERINARY USE ONLY kuwa maganin bisashe ne. Mu da ke aje maganin tumaki da na mutane cikin ƙwarya guda, wannan layi ya shafe mu.

Na biyar, maganin da ya bi ta hannun hukuma a Najeriya na ɗauke da lambar NAFDAC, hukumar da anka kafa a 1993 don sa ido bisa abinci da magani. Kwalin da anka ce daga can ya fito amma babu lambar, a guje shi. Sai dai ganin lambar kaɗai bai isa ba, don masu jabu na kwaikwayonta. Sayen magani a farmasi ya fi sayen na bisa tire da ya yini cikin rana.

7. RUBUTUN LIKITA

Takardar magani da muke ce wa ordonas, a can "prescription" ce. Likitocin can suna da gajerun alamomi da ko mai jin Ingilishi sai an koya mishi. Ga su: od sau ɗaya a yini, bd sau biyu, tds sau uku, qds sau huɗu, nocte da dare. Kwanaki kuma bisa 7 ake rubuta su, makonni bisa 52, watanni bisa 12. Ke nan 5/7 kwana biyar ne, 2/52 mako biyu, 3/12 wata uku. In kun ga tds x 5/7, sau uku a yini har kwana biyar. Ba biyar ga watan bakwai ba ce.

Kwanakin nan kuma a cika su. Maganin masassarar sauro irin Coartem sha 6 ne cikin kwana 3. Jiki kan yi sauƙi tun rana ta biyu, sai a aje saura don wani yaro. Yin haka na barin ragowar ƙwayoyin cutar cikin jini, ciwon shi komo.

A takardar awo za ku ga "positive" ko "negative". Ta farko na nufin an samu abin da anka nema, ta biyu ba a samu ba. Amma in "blood group" ne, wato rukunin jini, A, B, AB ko O, kalmar "positive" ba ciwo ba ce, irin jinin ne kawai. Akwai kuma "genotype", awon da ake yi kafin aure saboda amosanin jini, wanda ake ce wa sikila. AA ba shi ɗauke da ita, AS shina ɗauke amma lafiyarshi lau, SS shi ne mai ciwon. In miji AS ne mata AS, kowane ciki na da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa SS. Dattawa, ku ke ba da aure. Haruffan nan biyu sun cancanci ku san su.

8. IN AN KWANTAR DA NAKA

"Admit" kwantarwa ce, "ward" ɗakin majinyata, "discharge" sallama, "referral" turawa wani asibiti, "appointment" ranar komowa. Kafin aiki za a kawo takarda mai suna "consent form", takardar yarda. Kada kowa shi sa hannu ko shi dangwala yatsa sai an gaya mishi da Hausa wane aiki za a yi, a wane gefe, kuma mi ke iya biyo baya. Haƙƙinka ne, ba rashin kunya ba ne.

Sai allon da ake ratayawa bisa gado: NIL BY MOUTH, ko NPO. Ma'anarshi kada a ba majinyaci komi ta baki, ko ruwa. Mun san halinmu na tausayi: tsoho na kukan ƙishirwa, sai a faki idon nas a ba shi kunu. In an sa mishi maganin barci don aiki, abin da ke cikinshi na iya tasowa shi faɗa huhu, mutane kuwa na mutuwa ta haka. In an riga an ba shi, a faɗa wa nas. Ɗaga aiki ya fi asarar rai.

9. MAGANA BAKWAI DA ZA A HARDACE

I have pain here: nan ke mini ciwo.
For three days: kwana uku ke nan.
I am taking this medicine: ga maganin da nike sha.
I am allergic to this: jikina ba shi karɓar wanga.
How many times a day: sau nawa a yini?
I do not understand: ban gane ba.
Please call someone who speaks Hausa: don Allah a kira mai jin Hausa.

Biyun ƙarshe sun fi sauran daraja. Mu kan ji nauyin babban mutum, shi yi ta bayani muna gyaɗa kai muna "yes, yes", mu fito ba mu riƙe komi ba. A asibiti "yes" ɗin da ba a gane ba ya fi shiru haɗari. Matambayi ba shi ɓata.

10. ABIN DA MUKE ROƘON ƘUNGIYA

Ga shawarwarinmu, taro shi duba.

Na ɗaya, kowane mai tafiya shi kwafi kalmomin nan cikin ƙaramin littafi, da boko ko da ajami, shi sa aljihu tare da takardunshi. A shafin farko shi rubuta rukunin jininshi, da ciwon da yake da shi, da maganin da jikinshi ba shi karɓa.

Na biyu, yaranmu na kwaleji suna koyon Ingilishi tun ajin farko. A lokacin hutu a ba kowace unguwa ɗaya, bayan sallar isha'i shi koyar da kalma biyar. Kalma biyar a dare, cikin wata guda 150 ke nan. A kawo kwalayen magani na gaske a yi karatu da su. Mata su samu nasu zama, don su ke jinyar yara, su ke riƙe da cokali.

Na uku, a kowane gari da muke da ƴan ƙungiya, a san mutum biyu masu jin Ingilishi da za a kira in an kai wani asibiti. Masu salula kuma, in rubutu ya gagara, a ɗauki hoton kwalin gaba da baya a aika wa wanda ya iya kafin a sha, ba bayan an sha ba.

Na huɗu, duk takardar da anka ba ka a can ka komo da ita gida, ka nuna wa ma'aikacin likitarmu. Kada a ƙunsa goro ciki.

Muna gamawa da jan kunne guda. Sanin kalmomin nan bai mai da kowa likita ba. Wanda ya iya karanta kwali bai samu izinin rubuta wa maƙwabci magani ba. Amfaninsu shi ne mu faɗi ciwonmu daidai, mu gane abin da anka ce mana, mu bi shi yadda anka ce. Dattawanmu kuma kada wani shi ce ya tsufa. Gemu ba shi hana ilimi, kuma wanda ya iya lissafin naira da sefa a ka, kalma biyar ba za ta gagare shi ba.

Wanda ke da tambaya shi ɗaga hannu, wanda kuma ya san wata kalma da munka tsallake shi kawo ta a ƙara cikin takarda mai zuwa. Allah shi ba marasa lafiyarmu sauƙi, shi kai matafiya lafiya shi maido su lafiya.